Kundin aikin jagorar nazari: taurari da jigo a tsofaffin labarai da waƙoƙin so

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko a kan ɗan littafin jagora da muke son haɗa wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare. Mu uku ne: ni, da abokin aikina mai koyar da Larabci, da wata malama da ke koyar da Hausa a makarantar 'yan mata. Wasu daga cikin ɗalibanmu za su riƙa zuwa, domin duk abin da muka tsara sai mun gwada shi a kansu kafin ya zauna a takarda. Zauren gidanmu a Tudun Wada ne wurin haɗuwa, ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya yarda.

Abin da ya tayar da aikin shi ne irin amsar da muke gani a takardun yara. Ka tambayi jigon littafi, yaro ya jefo maka kalma guda: soyayya, ko wa'azi, ko ramuwar gayya. Ka ce ya yi sharhi a kan tauraro, ya ce wane mutumin kirki ne, wane kuma mugu. Amsar ba ƙarya ba ce, tana ma cin maki, amma wanda bai taɓa buɗe littafin ba zai iya ba da ita in ya ji a bakin wani. Ni burina yaro ya iya ɗora yatsa a kan shafi ya ce ga inda jigon ya fito, ga kuma wanda nauyinsa ya sauka a kansa.

Kashi biyu za mu yi. Na farko gajerun ƙagaggun labarai: Jiki Magayi, da wasu labarai daga Magana Jari Ce. Na biyu waƙoƙin so, na Larabci irin waɗanda ake karantawa a zaurukan birni, da namu na Hausa.

Ba da ka muka zaɓi labaran ba. A 1933 Rupert East, da ke shugabantar Hukumar Talifi a nan Zariya, ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka yi gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa, tare da East ɗin. A garin nan kuma Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, a nan ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Yaranmu suna taka ƙasar da aka haifi wannan adabi, yawancinsu ba su sani ba. Wannan zai shiga gabatarwa, amma a taƙaice.

Asabar, 18 ga Janairu

Da Jiki Magayi muka fara, don gajere ne kuma labarinsa bai yi rassa da yawa ba. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa. Malam Shehu, attajirin garin Galma, ba shi da ɗa, ya sa a ransa cewa ta wurin Zainab zai samu. Dukiya ta shiga tsakani, aka ɗaura aure da mai kuɗi. Abubakar ya bar gari da alwashin ramuwa, ya sha wuya yana neman asirin da zai rama da shi, har ya samo. Sai dai asirin bai sauka a kan Malam Shehu kai tsaye ba, a kan ɗan da aka haifa ya sauka, wato Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa a wurin sata bai san shi ba ne.

Da na tambayi yaran wanda aka zalunta a littafin, baki ɗaya suka ce Abubakar. Na ce to, shi Kyauta me ya yi wa Abubakar? Zaure ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce, "Malam, ai lokacin da aka yi abin ko cikinsa ba a samu ba."

Daga wannan amsa muka fitar da tambayoyi uku da za su zama ƙashin bayan jagorar. Me wannan mutum yake so? Me ya aikata don ya samu? Wa ya ɗanɗana kuɗar abin da ya aikata? Ta uku ce yara ba su saba da ita ba, ita ce kuma take kai mutum ga jigo.

In aka bi ta haka, Malam Shehu ya daina zama mugu kawai. Mutum ne mai son haihuwa, abin da kowane Bahaushe ya san zafin rashinsa. Laifinsa shi ne ya san yarinya tana da wanda take so, ya sa ƙarfin aljihu ya ture shi. Abin da ya fi so a duniya ya samu, shi ne kuma ya zama ajalinsa. Abubakar ma ya daina zama abin tausayi kawai. An cuce shi, babu musu. Amma tafiyar da ya yi doguwa ce, kowace wahala da ya haɗu da ita a hanya dama ce ta ya huce ya koma gida, bai huce ba. Wanda ya bar Galma da karyayyar zuciya daban yake da wanda ya dawo da magani don ya lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina so ɗalibai su ga wannan sauyi, domin tauraron da ya sauya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Abokin aikina bai gamsu da wani ɓangare ba. Ya ce in muka jingina komai ga asiri, mun koya wa yara cewa ɓarawo ba shi da laifi muddin an ce sammu aka yi masa. Ya ƙara da cewa ɗa tilo da aka daɗe ana jira a gidan mai kuɗi, gata kaɗai ma ya isa ya lalata shi. Maganarsa tana da nauyi. Ba mu yanke hukunci ba, mun sa ta a jerin tambayoyin tattaunawa na ƙarshen babi.

Asabar, 25 ga Janairu

Hunturu ya yi tsanani, ɗalibai kaɗan suka zo. Mun yi amfani da lokacin muka jera lambobin shafukan da za mu riƙa nuni da su. Bugu ya bambanta, shafin wani ba ya dacewa da na wani, don haka muka yanke mu riƙa ambaton babi da abin da ya faru a wurin maimakon lamba kaɗai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zaman yau na Zainab ne, Malama ce ta ja shi. Ta raba fensira ta ce kowa ya ja layi a duk inda Zainab ta buɗe baki ta yi magana da kanta, ya bar inda ake magana a kanta. Da aka gama, kowa ya ga abin da take son nunawa. Littafin mazan biyu yake bi, da ɗan da ya shiga tsakaninsu. Macen da duk rigimar ta tashi a kanta, jin muryarta kaɗan ne in aka gwada da nasu.

Samarin suka ce kwaɗayi ne ya ja ta, ta ga kuɗi ta saki talaka. 'Yan matan suka ce a wancan zamani budurwa ba ta da ta cewa in manya suka karkata. Aka ɗan yi zafi. Malama ta bar su har suka gaji, sannan ta ce kowane ɓangare ya kawo hujjarsa daga cikin littafin, ban da abin da yake ji a ransa ko abin da ya gani a fim. Nan aka ga wanda ya yi karatu da wanda ya ji labari.

Abin da na ɗauka daga zaman, kuma na rubuta shi a matsayin ƙa'ida a jagorar, shi ne a koya wa yaro ya rarrabe abu uku: abin da tauraro ya faɗa, abin da wasu suka faɗa a kansa, da inda marubuci ya yi shiru. Shirun nan ba a cike shi da zato a ce marubuci ne ya faɗa. Ana dai nuna shi, a tambayi dalilinsa. Zainab ta rasa saurayi, ta ga ɗanta ya lalace a gaban idonta, ta rasa miji a hannun wannan ɗa. In aka yi mata tambayarmu ta uku, da wuya a samu wanda ya fi ta shan kuɗar abin da mazan suka shuka, in ba Kyauta ba. Na sha koyar da littafin nan, amma yau ne na ga 'yan mata sun riƙe shi kamar nasu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun shiga Magana Jari Ce. A nan tarkon daban ne. Labarai da yawa Imam ya raɗa musu suna da karin magana, sai yaro ya kwafe karin maganar ya ce ga jigo, ya rufe littafi. Malama ta ce wannan kamar mutum ne ya karanta rubutun bayan buhu ya tafi, bai kwance bakinsa ya ga hatsin ba.

Abin da muka nace a kai shi ne kowane labari a littafin yana da mai ba da shi, da wanda ake ba wa, da dalili. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makircin a fitar da Musa a miƙa shi ga abokan gaba. Musa kuwa hankalinsa ya tashi, so yake ya bi Mahmudu, jikan Sarki da suka tashi tare, fagen fama. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa, bakinsa kaɗai gare shi, sai ya riƙa jan Musa da labari har gari ya waye. Ke nan kowane labari a wurin yana aiki biyu, ga abin da yake koyarwa, ga kuma daren da yake cinyewa don ran yaro ya tsira. A littafi na biyu gasa ce tsakanin aku da wani aku mai suna Haziƙ, labari ya zama makamin kayar da abokin hamayya. A na uku aku, wanda ya riga ya zama waziri, yana tarbiyyar ɗansa Fasih. Wanda bai lura da wannan ba ya rasa babban tauraron littafin, wato akun kansa.

Sananne ne cewa Imam ya ɗebo daga wurare da yawa, daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da labaran aku na ƙasar Indiya. Wani ɗalibi ya tambaya ko wannan ba sata ba ce. Na ce ya karanta Kalala da Kalalatu ya gaya mini inda ya ji ƙamshin Jamus. Asalin labarin na wata kuku ce da maigidanta. Imam ya mai da su miji da mata, ya zaunar da su a gari irin namu, da baƙo, da kunyar baƙo, da kaji biyu. Kalalatu ta cinye kajin, ta tsorata baƙo da wuƙar da mijinta yake wasawa har ya ranta a na kare, ta juya ta ce wa miji baƙo ya gudu da kaji. Kalala ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko da ɗaya. Yaran sun yi dariya har da hawaye, amma da aka natsu wata ta lura da abin da na so a lura da shi: Kalalatu akasin Zainab ce ta fuskar magana. Duk abin da ya faru a labarin daga bakinta ya fito, mazan biyu gudu kawai suka yi a kan abin da ta faɗa. Za mu ajiye matan biyu a babi ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba a yi zama a zaure ba. Ni da abokin aikina muka shiga birni ta Ƙofar Doka wurin wani dattijon malami da ya koyar da shi luga yana saurayi, don mu ji Banat Su'adu daga bakin wanda ya shekara yana karantar da ita. Muka jira masu ɗaukar karatu suka gama, muka matsa muka gaishe shi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaranmu in suka ga waƙa ta fara da sunan mace sai su ce jigonta soyayya. To wannan ta fara da Su'adu ta ƙare da yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Yaya za mu haɗa musu farkon da ƙarshen?"

Malam ya fara da tarihin. Mai waƙar Ka'abu ɗan Zuhairu ne, ɗan mai ɗaya daga cikin Mu'allaƙat, fitattun ƙasidun Larabawa na kafin Musulunci. Ɗan'uwansa Bujairu ya musulunta, shi kuwa ya yi baitocin zambo, har aka halatta jininsa. Bayan an ci Makka, Bujairu ya aika masa cewa ya zo ya tuba, don Annabi ba ya kashe wanda ya zo da tuba. Ya iso Madina ya rera ƙasidar a masallaci, Annabi ya yafa masa mayafinsa. Baitocinta sun kusa 60, amsa-amonta harafin lamun, karinta Basiɗ.

Sannan ya bi mana ita daki-daki. Su'adu ta tafi ta bar zuciyar mawaƙi a ɗaure ba mai fansa. Ya siffanta ta da barewa mai kwalli a ido. Sai kuma ya juya ya ce ba ta riƙe alkawari sai yadda rariya take riƙe ruwa, alkawarinta irin na Urƙubu ne, mutumin da ya yi ta ɗaga wa ɗan'uwansa ranar ba shi dabino, daga fure zuwa ɗanye zuwa nunanne, ya sare shi da dare bai ba shi ko ƙwaya ba. Daga nan baitoci masu yawa a kan taguwar da za ta iya kai mutum inda Su'adu ta sauka. Sai magulmata suna ce masa ai kai gawa ne, abokai suna janye jiki kowa yana cewa ina da abin da ya dame ni.

Malam ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙirga mini waɗanda ya dogara da su. Mace ta saɓa. Abokai sun gudu. Saura ƙofa nawa?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To shi ya sa da ya iso wurin ya ce an ba shi labari Manzon Allah ya yi masa kashedi, amma afuwa a wurin Manzon Allah abar sa rai ce. Su'adu ba ado ba ce a bakin waƙar. Ya fara da alkawarin da ba ya cika ne don a san darajar wanda yake cika."

Ya ƙara mana cewa buɗe ƙasida da begen masoyiya al'adar mawaƙan Larabawa ce tun kafin Musulunci, kamar yadda Imru'ul Ƙaisi ya buɗe tasa da tsayar da abokan tafiya biyu su yi kuka a kufan da masoyiya ta tashi. Masu sharhi wasu sun ce Su'adu matar Ka'abu ce, wasu sun ce suna ne irin wanda mawaƙa suka saba sawa. Malam ya ce ko wanne ne, aikinta a waƙar bai sauya ba.

Mun fito ana kiran azahar. A hanya abokina ya ce abin da muke ta fama mu koyar da alli, a zaure an daɗe ana yinsa, sunayen ne kawai suka bambanta. Na yarda da shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun kawo wa yara Banat Su'adu cikin fassarar Hausa da abokina ya yi, zube ba waƙe ba. Tambaya ta farko da ta taso mai kyau ce: waƙa tana da tauraro? Muka ce tana da shi. Akwai mai magana, akwai wadda ake magana a kanta, wani lokaci akwai masu zargi a gefe. Tambayoyinmu uku suna aiki a nan yadda suka yi a labari.

Daga nan muka ɗauko baitocin da ake jingina wa Ƙaisu ɗan Mulawwahu na ƙabilar Banu Amir, wanda aka fi sani da Majnunu Laila. Labarinsa ya yaɗu har mawaƙin Farisa Nizami ya mai da shi doguwar waƙa a 1188. Abin da ya raba shi da Laila, a yadda ake ba da labarin, waƙarsa ce da kanta. Ya ambaci sunanta a fili, a al'adarsu kuwa wanda ya yi wa yarinya haka ba a ba shi ita, don kada a ce an rufe wani abin kunya ne. Aka aurar da ita ga wani. Yaranmu ba su sha wuyar gane wannan ba, sun san gidajen da har yau saurayi ba ya kiran sunan budurwa a gaban manyanta.

Muka tsaya a kan baitocin da yake cewa yana wucewa ta gidajen su Laila yana sumbatar wannan bango da wancan, ba son gidajen ne ya kama zuciyarsa ba, son wadda ta zauna a ciki ne. Na ce su gaya mini kamannin Laila daga nan. Ba wanda ya iya. Wani yaro ya ce, "Malam, ai wannan labarin kansa yake bayarwa, ba nata ba." Gaskiya ya faɗa, amma ban so a tsaya a nan a ce son kai ne. An raba shi da ita, ba ya ganinta, ba ya jin muryarta, abin da ya rage masa ya siffanta shi ne halin da rashinta ya jefa shi. Jigon waɗannan baitoci rabuwa ce da abin da take yi wa mai hankali. Duk da haka Malama ta sa aka rubuta a gefen allo: Zainab, Su'adu, Laila. Ta ce mu ci gaba da tara sunayen.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau. Mun dakatar da zama sai bayan Salla. Zan yi amfani da watan in buga babi uku na farko a kwamfuta, abokina kuma zai sake duba fassararsa baiti-baiti.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun dawo, muka shiga waƙoƙin Hausa. Abin da ya fito fili da muka jera tsofaffin rubutattun waƙoƙinmu shi ne mafi yawan begen da ke cikinsu ga Annabi aka fuskantar da shi, da Madina. Kayan aikin kuwa su ne dai na mawaƙan so: nisa, hawaye, rashin barci, masu zargi da ba su san abin da ke zuciya ba. Busiri ma da tuna maƙwabtan Zi Salam da hawaye ya buɗe Burda kafin ya shiga yabo. A nan gida muna da Aliyu Namangi, makaho tun yana ƙarami, mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Yaran sun san sautin waƙarsa tun kafin su san sunansa, don sun sha jin ta a bakin makafi masu bara. Mun yarda bege zai samu babinsa shi kaɗai, ba za mu cakuɗa shi da son saurayi da budurwa ba. Abin da za mu nuna kawai shi ne salon da suka yi tarayya a kai.

Sai muka karanta 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu, wadda ba waƙar so ba ce, suka ce ga karuwa. Na sa ta ne don ƙwarewar siffantawa, yadda yake jero mata kamanni ɗaya bayan ɗaya ba ya maimaita kansa. Ban san mawaƙin da ya fi shi sarrafa Hausa ba a cikin waɗanda na karanta. Malama ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ƙara suna na huɗu a allo. Ta ce, "Malam, ko an yabe ta ko an zage ta, har yanzu ba mu ji ta bakinta ba. In jagorar nan ta fita a haka, 'yan matana za su ɗauka mace a adabi abar kallo ce kawai."

Ba ni da amsar da ta wuce in ce ta kawo mana inda macen ta yi magana. Ashe ta riga ta fara. A cikin azumi ta zauna da tsofaffin gidansu, da izininsu ta ɗauki muryarsu a waya suna rera waƙoƙin niƙa da na daɓe da na dandali. A ciki akwai amarya mai kukan barin gida, akwai mai habaici ga kishiya, akwai mai yabon miji ba tare da ta kama sunansa ba. Ba a rubuce suke ba, ba a san wadda ta fara su ba, amma so da kishi da kewa suna nan da muryar mace. Ta kuma tuna mana So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya. Littafin da muryar yarinya ya buɗe, tana gaya wa na gaba da ita cewa ba za ta auri kowa ba sai wanda take so. Ba ya cikin tsarinmu na farko, amma shafinsa na farko zai shiga, kusa da babin Zainab.

Wannan ya ƙara mana aiki da babi guda. Na fi son jagorar ta makara da ta fita ba shi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gwaji. Mun ba yara wani yanki na Ruwan Bagaja da ba mu taɓa tattaunawa da su ba, ɗaya daga cikin wuraren da Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke rama wa juna tsiya, muka ce su yi masa tambayoyin uku a rubuce.

Sakamakon gauraye ne. Wasu sun koma gidan jiya, Alhaji nagari, Zurƙe mugu. Amma wani yaro da ba ya yawan magana ya rubuta cewa Alhaji ne yake ba da labarin da bakinsa, don haka duk abin da muka sani game da Zurƙe daga abokin faɗansa muka ji shi, kuma in aka auna abin da kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa, Alhaji bai fi shi tsarki ba. Ba mu koya masa wannan a kan Ruwan Bagaja ba. Daga darasin aku ya ɗauko shi ya kawo nan. Na karanta takardarsa a gaban sauran.

Matsalar da gwajin ya tono ita ce ta lokaci da ta karatu. Masu rauni a karatu sun ƙare lokacinsu a kan fahimtar yankin, ba su kai ga tambaya ta uku ba. Abokina ya ce dole mu tuna cewa a zauren jarrabawa mai duba takarda yana neman kalmar jigon a layin farko. Muka daidaita a kan tsarin amsa: yaro ya faɗi jigon a jimla ɗaya, ya kawo abu biyu da tauraro ya aikata, ya nuna wanda abin ya shafa. Kowane babi zai ƙare da misalin amsa gajera a wannan tsari, da wata doguwa ga mai son zurfafawa.

Asabar, 3 ga Mayu

Inda aka kwana: babin Jiki Magayi, da na Zainab da Kalalatu, da na aku sun kammala, an buga, Malama ta duba rubutu da ƙa'idojinsa. Babin Banat Su'adu yana hannun abokina, zai kai wa Malam a birni ya saurari fassarar kafin mu rufe shi, musamman baitocin taguwa, inda kalmomin suka fi tsauri. Babin Majnunu yana buƙatar ragi, ya yi tsawo. Na bege ban fara ba, ina so in sake karanta waƙa ta farko ta Imfiraji a natse tukuna.

Waƙoƙin mata su ne aikin da ya fi cin lokaci. Malama tana juyar da su daga murya zuwa rubutu, wasu kalmomin sai ta koma ta tambayi tsofaffin ma'anarsu. Mun yarda ba za a sa sunan kowace tsohuwa ba sai wadda ta amince.

Sauran abu biyu: rubuta wa masu haƙƙin littattafan takardar neman izinin ɗauko gajerun yankuna, da jin farashin ɗab'i a wurin masu injin a Sabon Gari. 'Yan ajin ƙarshe sun shiga hidimar jarrabawa, don haka daga Asabar mai zuwa da 'yan aji biyu za mu gwada babin Majnunu bayan an rage shi.